Abin da makaranta ke jira daga iyayen yaran ƙaramar sakandare a Kuala Lumpur

Ni injiniya ne, a Ingila na yi karatu, aiki ya kawo ni Kuala Lumpur, kuma 'ya'yana uku a nan suka ratsa ƙaramar sakandare. Duk lokacin da na haɗu da 'yan uwa sababbin zuwa, musamman masu karatun babban digiri a jami'ar IIUM da ke Gombak, tambayarsu ta farko ita ce wace makaranta ta fi sauƙin kuɗi. To, biyan kuɗin shi ne ƙarami daga cikin abin da makaranta ke jira daga gare mu. A gida mun saba mu damƙa wa malam yaro, ba mu sake leƙawa sai ranar karɓar sakamako. A nan kuwa ana ɗaukar uwa da uba a matsayin abokan aiki, wanda kuma bai gane haka ba ɗansa ne zai ji a jikinsa.

Tsari biyu ne

Na farko shi ne na gwamnatin Malesiya: shekara shida a firamare, sannan Fom 1 zuwa Fom 5. Ƙaramar sakandare ita ce Fom 1 zuwa 3, wato daga shekara 13 zuwa 15. Da harshen Malay ake koyarwa, ko da yake wasu makarantu suna yin lissafi da kimiyya da Turanci. An soke jarabawar ƙarshen firamare ta UPSR a 2021, aka soke PT3 ta Fom 3 a 2022. A Fom 5 ake zana SPM, kuma ba a ba da takardarta sai an ci harshen Malay da Tarihi. Sai dai ƙofar waɗannan makarantu a tsuke take ga baƙi, galibi sai 'ya'yan ma'aikatan jakadanci, da masu izinin zama na dindindin, da waɗanda iyayensu ke yi wa gwamnati aiki.

Saboda haka yawancinmu makarantun ƙasa da ƙasa muke kai yara. Akwai masu bin tsarin Ingila, kamar Alice Smith da Garden International da International Islamic School ta Gombak, akwai masu bin na Amurka, kamar ISKL. A tsarin Ingila ƙaramar sakandare ita ce aji 7 zuwa 9, kusan daidai da JSS 1 zuwa 3 a Nijeriya, sannan aji 10 da 11 a zana IGCSE. A lura, shekarun haihuwa suke dubawa kafin ajin da yaro ya baro. Mu da muka saba a tsallake wa yaro aji, kada ranmu ya ɓaci idan aka maido da shi baya. Shekarar karatun gwamnati ta koma farawa a Janairu daga 2026, amma da yawa daga masu tsarin Ingila da Amurka a Agusta ko Satumba suke farawa.

Takardu da kuɗi

Yaron da ke zaune a kan bizar iyayensa yana bukatar hatimin izinin karatu daga hukumar shige da fice, in ba haka ba sai a nema masa bizar ɗalibi. Izinin yana tafiya ne da bizar uba ko uwa, don haka a sabunta su tare. Bayan kuɗin zango akwai na rajista, da na ajiya wanda ba a mayarwa sai an sanar da makaranta a rubuce kafin a cire yaro, galibi da zango guda. Daga 1 ga Yuli 2025 kuma an sa harajin kashi 6 cikin ɗari a kan makarantun da kuɗinsu ya haura ringit 60,000 a shekara.

Kuskuren da na yi

A aji 9 ne yaro ke zaɓen darussan da zai zana a IGCSE. Lokacin da ɗana na biyu ya kai wannan aji ina wajen aiki a Johor. Makaranta ta aiko da imel har sau uku, ta kira taron iyaye da yamma, ban buɗe ba, ban je ba. Yaro ya zauna da abokansa ya cike fom, ya bar lissafi mai zurfi saboda an ce masa akwai wuya, alhali injiniya yake son zama. Ban farga ba sai da aka shiga aji 10, lokacin ajin ya cika. Shekara biyu muna biyan malamin lesin kafin ya cike giɓin. Laifina ne, domin su sun yi nasu. Mai niyyar ɗansa ya koma jami'a a Nijeriya ya tuna cewa ana neman kiredit biyar har da Turanci, da darussan da suka dace da kwas ɗin, ga kuma jarabawar JAMB.

Dokokin yau da kullum

Idan yaro ba zai je makaranta ba, iyaye ne za su sanar tun da safe, in kuma rashin lafiya ce a kawo takardar likita. Ƙara mako biyu a kan hutu don an je gida biki ko Salla, ana rubuta shi a matsayin fashi. Wasanni da ƙungiyoyi ba ɓata lokaci ba ne a wurinsu. A makarantun gwamnati dole ne yaro ya shiga wasa ɗaya, da kulob ɗaya, da ƙungiya mai kaki irin su sikawut. Idan hayaƙin gobarar daji ya turnuƙe gari har ma'aunin gurɓatar iska ya wuce 200, ana rufe makarantu, kamar yadda aka yi a Satumbar 2019, kuma ta waya sanarwar take zuwa. Maganar sallar Juma'a da hijabi da abincin halal ba ta da wuya a ƙasar nan, amma a tambaya tun ranar rajista, domin ba kowace makaranta ke tashi da wuri ranar Juma'a ba.

Sai maganar horo. Dokar Yara ta 2001 ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa ringit 50,000, ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 20, ga wanda ya cutar da yaron da ke hannunsa ko ya yi sakaci da shi. Malamin da ya ga shatin bulala a jikin yaro zai iya kai rahoto, kuma baƙo da ya shiga irin wannan magana, har zamansa a ƙasar yana cikin haɗari. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Shawarata

A ba makaranta imel da lambar wayar uwa da uba duka biyu. A ware dare ɗaya a mako a duba saƙonni tare da yaro. A je taron iyaye da malamai ko da Turancin bai nuna ba, matambayi ba ya ɓata. Kuma tun yaro yana aji 8 a zauna da shi a ji abin da yake son zama, kafin fom ɗin ya iso. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su amfani addininsu da ƙasarsu, amin.