Daga Java Zuwa Kotlin: Abin Da Sabo Ke Ɓoye Wa Gwani

A watan Mayun 2017, a taron da kamfanin Google ke shirya wa masu rubuta manhaja kowace shekara, aka sanar cewa Kotlin ya shiga sahun yarukan da aka amince a gina manhajojin Android da su. A 2019 kamfanin ya ƙara da cewa daga yanzu Kotlin zai riƙa fifitawa. Haka mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci da Java suka wayi gari da sabon yare a gabansu. Namu ma abin bai tsallake su ba, tunda Android ce wayar da ke hannun yawancin jama'a daga Kano har Damagaram, kuma duk mai son manhajarsa ta isa ga waɗannan hannaye dole ya bi inda Android ta nufa.

Java da Kotlin 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna bin tsarin da ake gina manhaja da "abubuwa": kowane abu yana riƙe da bayanansa da kuma ayyukan da yake iya yi, kuma ana fitar da shi ne daga wani zubi da ake kira aji. Aji ɗaya yana iya gadon halayen wani ajin, ya ƙara nasa. Tushen wannan tunani yana birnin Oslo na ƙasar Norway, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka samar da Simula 67. Daga nan Alan Kay da abokan aikinsa suka gina Smalltalk a cibiyar binciken Xerox a shekarun 1970, Bjarne Stroustrup ya soma aikin da ya zama C++ a 1979, sannan kamfanin Sun ya fitar da Java a 1995. Kotlin ɗan auta ne: kamfanin JetBrains ya bayyana shi a 2011, fitowarsa ta farko cikakkiya kuma sai a Fabrairun 2016.

Saboda wannan zumunci, wanda ya iya Java ba ya shan wuyar fara Kotlin. Ga aji, ga abu, ga gado, duk inda ya bar su. Kotlin yana gudana a kan injin da Java ke gudana, yana kuma iya kiran kod ɗin Java kai tsaye. Android Studio, wurin da ake rubuta manhajojin Android, ma yana da umarnin da ke juya fayil ɗin Java ya koma Kotlin cikin ƙiftawar ido. Cikin 'yan kwanaki mutum ya fara rubuta abin da ke aiki, ya ɗauka ya gama koyo. A ganina daga nan matsalar ke somawa, domin abin da yake rubutawa Java ne har yanzu, haruffan kawai suka sauya. Sabon shiga da bai san komai ba yana tsayawa ya tambaya. Gwani kuwa hannunsa ya riga ya san hanya, sai ya wuce ta gaban darasin bai ma lura ba. Bahaushe ya ce sabo turken wawa.

A ɗauki manhajar da mai shago zai riƙa rubuta masu karɓar kaya bashi. Kowane abokin ciniki yana da suna, amma ba kowa ke barin lambar waya ba. A Java, inda babu lambar sai a bar gurbin da null, wato babu komai. Yaren ba zai ce uffan ba. Ranar da manhajar ta tashi tura saƙon tunatarwa ga Malam wane da bai bar lamba ba, sai ta ci karo da gurbi wayam, ta rufe a hannun mai shago, a bar mai rubutun da kalmar da kowane ɗan Java ya haddace, NullPointerException. Tony Hoare, masanin Ingila da ya shigar da null cikin yaren ALGOL W a 1965, ya tsaya gaban taro a Landan a 2009 ya kira abin kuskuren da asararsa ta kai dala biliyan.

Kotlin ya raba gurbin gida biyu. Idan ka ce lambar waya String ce, wato rubutu, to ba za ta taɓa zama null ba. Idan kana son ta iya zama babu, sai ka rubuta String? da alamar tambaya, kuma daga nan kwamfaila, wato manhajar da ke duba kod ta fassara shi, ba za ta bari ka taɓa lambar ba sai ka faɗi abin da za a yi idan ba ta nan. Tambayar da take yi maka ta gaskiya ce: a tsallake mutumin, ko a nuna wa mai shago cewa wannan sai an je gidansa? Amma Kotlin ya bar wata ƙofar baya, alamar !!, wadda ma'anarta ita ce "na rantse akwai, ƙyale ni in wuce." Ɗan Java da ke sauri yana ganin jan layi a allo, ya buga !!, jan layin ya ɓace, ya ci gaba. Manhajar za ta rufe a daidai wurin da ta saba rufewa, a hannun wannan mai shagon. An ba shi maganin ciwon da ya fi damunsa, ya ajiye shi gefe don ya ɗauka tsangwama ce. Duk fayil ɗin Kotlin da na buɗe na ga !! ya yi yawa, nakan san daga inda mai shi ya fito.

Ba kowane sabo ke da illa ba. A Java, alamar == tsakanin rubutu biyu tana duba ko abu ɗaya ne a ma'ajiyar kwamfuta, ba ko haruffansu sun yi daidai ba, shi ya sa ɗan Java ya saba rubuta equals. A Kotlin == da kanta ke duba daidaiton haruffan. Wanda ya ci gaba da rubuta equals bai ɓata komai ba, ya dai ƙara wa kansa aiki. Wanda ya taso a Kotlin ya koma Java shi ke cikin haɗari, domin zai rubuta == abin ya yi aiki a gwaji, ya ƙi aiki ranar da mutum na gaske ya buga sunansa.

Batun gado ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ya fi cancanta a zauna a kansa. Da yawa daga cikin waɗanda suka koyi tsarin "abubuwa" a makaranta an nuna musu gado a matsayin ƙawarsa: ga ajin Dabba, ga Akuya da Raƙumi suna gadonsa. A Java kowane aji a buɗe yake ga magada sai in an rufe shi. A Kotlin kowane aji a rufe yake sai mai shi ya rubuta open. Ɗan Java yana zuwa nan ya ga an hana shi abin da ya ɗauka haƙƙinsa ne, sai ya bi azuzuwa yana manna open. Da ya tsaya ya tambayi dalili, da ya gano cewa shawarar daga gidansu ta fito. Joshua Bloch, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ɗakin kayan aikin Java, ya ba da ita a littafinsa Effective Java tun 2001: ko dai a tsara aji musamman don a gaje shi, ko a hana gadon. Dalilin shi ne magaji yana jingina da yadda cikin uban yake aiki, ba da abin da uban ya yi alkawari kaɗai ba. Ranar da aka gyara wani abu a cikin uban, ɗan da ke can wani fayil, wanda wataƙila wani ne ma ya rubuta shi, sai ya lalace ba tare da an taɓa shi ba. Masu Kotlin sun ɗauki abin da ƙwararrun Java suka koya da wahala, suka mai da shi doka. Wannan ne nake ganin ainihin abin koyo a kowane sabon yare: a duba abin da ya hana da abin da ya sauƙaƙa, domin a nan masu shi suka ajiye ra'ayinsu game da kurakuran na baya.

Sauran bambance-bambancen ba su da wuyar kamawa. Ajin da aikinsa riƙe bayanai kawai, wanda a tsohon Java kan ci layuka masu yawa, a Kotlin layi ɗaya ne da data class. Akwai val ga abin da ba zai sauya ba da var ga mai sauyawa, kuma yaren ya fi son na farko. Wanda ya nufi yaren Python maimakon Kotlin zai gamu da akasin haka: can babu mai kulle masa bayanan cikin aji, ɗan layi ake sa wa a gaban suna a dogara da mutuncin mai karatu, kuma ɗan Java da bai gane haka ba sai ya cika wurin da katangun da 'yan gida ba sa ginawa.

Saboda haka ban ga hikimar gwani ya soma da juya tsohon aikinsa da umarnin Android Studio ba. Gara ya ɗauki ƙaramin aiki ya gina shi daga tushe, ya haramta wa kansa !! da open har sai ya iya faɗin dalili da baki. Ya karanta kod ɗin waɗanda suka daɗe a yaren, ya bi darussan Kotlin Koans da JetBrains ta tanada kyauta, ko da zai ga na farkon sun yi masa sauƙi.

Tsohon iliminsa kuma yana da ranarsa. Alkawarin Kotlin game da null yana tsayawa ne a bakin iyakarsa da Java. Idan bayani ya fito daga tsohon kod ɗin Java da ba a yi wa alama ba, kwamfaila ba ta da hanyar sanin ko zai iya zuwa wayam, don haka sai ta bar shi ya shige ba bincike. Yaron da ya buɗe ido a Kotlin ya saba kwamfaila na tsare masa ƙofa, ba zai yi zargin komai a nan ba. Wanda Java ya taɓa kayar da shi ne zai tsaya ya duba, kuma Android cike take da irin waɗannan iyakoki, domin an yi shekaru ana gina ta da Java kafin Kotlin ya iso.