Iƙirarin Wanda Bai Yi Laifi Ba

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a gaban alƙali. Da zarar an ce wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, galibin mutane sukan ɗauka magana ta ƙare, domin hankali bai yarda mutum zai ɗora wa kansa abin da zai kai shi kurkuku alhali bai aikata ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne nuna yadda binciken masana halayyar ɗan Adam da masana shari'a ya rushe wannan zato.

Cikin 1985 waɗansu masana biyu na Amurka, Saul Kassin da Lawrence Wrightsman, suka rarrabe iƙirarin ƙarya gida uku. Akwai mai kawo kansa ba tare da an matsa masa ba, ko don neman suna, ko don kare wani nasa. Akwai wanda ya san sarai bai yi ba, amma yunwa da rashin barci da tsoro suka sa ya amsa domin a ƙyale shi, yana zaton gaskiya za ta fito daga baya. Na ukun shi ne mafi ban mamaki, watau wanda aka yi ta nanata masa zargi har ya fara shakkar abin da yake tunawa, daga ƙarshe ya gaskata cewa shi ya yi.

Cikin 1996 Kassin da Katherine Kiechel suka jarraba wannan a kan ɗaliban jami'a. Aka sa kowanne ya buga haruffa a kwamfuta, aka gargaɗe shi kada ya taɓa wani maɓalli guda. Can sai na'urar ta tsaya, da ma haka aka shirya, aka ce shi ya taɓa. Babu wanda ya taɓa, amma kashi 69 cikin ɗari suka sa hannu a takardar amsa laifi, kashi 28 kuma suka yarda a zuciyarsu cewa su ne. A rukunin da aka sa su sauri, aka kuma kawo mai shaidar zur, babu ko ɗaya da ya ƙi sa hannu. Lalle ɓata kwamfuta ba kisan kai ba ne, kuma masu suka sun faɗi haka. Sai dai kotuna sun cike giɓin: a Ingila mutum shida da aka ɗaure saboda harin bam na Birmingham na 1974, huɗu daga cikinsu sun sa hannu a iƙirari, ba a wanke su ba sai 1991.

In an dawo gida, matsalar tana da wata fuska da waɗancan masana ba su cika damuwa da ita ba, ita ce ta harshe. Alal misali, a ɗauki mai gadin dare mazaunin Panshekara, wanda ke aiki a ɗaya daga masana'antun fata na Challawa, ko wani sito a Sharada ko Bompai. Kaya suka ɓace, shi ne na farkon kamawa. Da Hausa za a tambaye shi, da Hausa zai ba da amsa, amma da Turanci za a rubuta bayaninsa, sa'an nan ya dangwala yatsa a ƙarƙashin abin da ba zai iya karantawa ba. "Ina wurin a daren" da "da ni aka yi" ba su da nisa a bakin alƙalamin mai gaggawa. Ko ba a ɗaga masa hannu ba, takardar da za ta isa kotu maganar wani ce da yatsan wani.

Abin lura shi ne malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sanin raunin iƙirari. Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya tabbatar cewa ba a kafa hukuncin sata a kan iƙirarin da aka tilasta, ko da mutumin ya fito da kayan, kuma in mai iƙirari ya janye, a karɓa. A kan wannan tushe shari'ar Amina Lawal ta juya. Kotun Shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa cikin Maris 2002, ba ta da lauya a lokacin, kuma babbar kotun Funtua ta tabbatar da hukuncin cikin Agusta. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar, ta rushe shi, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa tana da haƙƙin janye iƙirarinta. Kotun ba ta ce iƙirarin ƙarya ba ne. Cewa ta yi ba a ɗaukar rai da maganar da mai ita ya janye.

Dokokin ƙasa ma sun biyo wannan hanya, ko da yake a makare. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, kuma in wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, sai a tsaya a yi ƙaramar shari'a cikin shari'a. Amma a nan maganar ɗan sanda ce ke karawa da ta wanda ke tsare, kuma ba wuya a san wadda aka fi saurara. Saboda haka Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki iƙirari a bidiyo, a ɗauki bayani a gaban lauya ko wani da mutumin ya zaɓa, a kuma kawo tafinta in ba ya jin Turanci. Jihar Kano ta yi tata dokar cikin 2019. An ɗauki shekaru ana gardama ko tanadin dokar tarayya zaɓi ne ko wajibi, har cikin 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Akaeze, ta yanke cewa wajibi ne a kan jami'an bincike.