Hawainiyar Tsauni: Jinsin da Hausa Ba Ta Raɗa wa Suna Ba

1.0 Gabatarwa

A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, kalmar "hawainiya" na nan daram a bakin yara da manya, duk da cewa maƙwabtansu Yarabawa "agemo" suke cewa. Sai dai wadda Bahaushe ke nufi ita ce ta ƙasar Hausa, wadda ya sani a kan rama har ya yi karin magana da ita. Wannan maƙala za ta dubi wani jinsi dabam da kalmar ba ta bambance shi ba.

2.0 Jinsin Trioceros

Masana halittu na kiran wannan jinsi Trioceros, wato "mai ƙaho uku" da Girkanci. An daɗe ana lissafa shi cikin sauran hawainiyoyi, sai a 2009 aka ware shi ya tsaya da kansa. Yana da ire-ire kimanin 40, dukkansu 'yan asalin Afirka, kuma akasarinsu a bishiyoyin tsaunuka masu sanyi da hazo suke zaune. Mazan wasu ire-iren na da ƙaho da suke karo da shi wajen neman mace. Irin da ake samu a Kenya da Tanzaniya, Trioceros jacksonii, haihuwa yake yi, ba ƙwai ba.

A Nijeriya akwai mai ƙaho huɗu, Trioceros quadricornis, a tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba, da kuma Trioceros wiedersheimi a duwatsun Gotel na Jihar Taraba, inda ƙololuwar Chappal Waddi ta kai mita 2,419.

Kowane kurmin tsauni tamkar tsibiri yake a wajen waɗannan halittu, domin ba sa jure zafin kwari. Idan sara da gobarar daji suka cinye kurmin, ba su da wurin ƙaura.

3.0 Kammalawa

Abin da ba shi da suna, da wuya a yi maganar kare shi a aji ko a rediyo. Don haka muna ba da shawarar a kira jinsin "hawainiyar tsauni", a bambance ire-irensa da siffa, kamar "mai ƙaho huɗu", bisa tsarin ƙirar suna da Hausa ta gada. Ta haka yaron Sabo zai san abin da ƙasarsa ta mallaka kafin ya salwanta.