RANA CE KE CIYAR DA BATIRIN JIRGIN RUWA MAI TAFIYA DA ISKA

Duk wanda ya zauna Ikko ya taɓa hangen ƙananan jiragen ruwan nan masu dogon sanda a tsakiya, da faffaɗan ƙyalle wanda iska ke turawa. Da yawansu na 'yan kulob ɗin Lagos Yacht Club ne, wanda aka kafa tun 1932. Mai kallo daga gaɓa sai ya zaci jirgin da iska ke kora ba ruwansa da lantarki. Alhali kuwa ran jirgin nan yana rataye ne a jikin batir guda, ɗan'uwan na mota, mai ƙarfin bolt 12.

Batirin shi ke kunna fitilun dare, ja a hagu, kore a dama, don kada manyan jirage su bi ta kansa. Shi ke riƙe rediyon neman agaji. Uwa-uba, shi ke tayar da famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a cikin jirgi. In batir ya mutu jirgi na ɗaure ba kowa ciki, ruwan sama ya yi ta zuba, to, mai shi yana iya zuwa ya tarar da dukiyarsa ta nutse.

Batir kuwa ko ba a taɓa shi ba cajinsa raguwa yake yi a hankali, balle a ƙasar zafi. In ya daɗe a kwance ba caji, wani farin gishiri yakan daskare a kan dalmar da ke cikinsa, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta sosai. A dā dole a riƙa tayar da injin jirgi ana ƙona mai don a cika shi. Yanzu farantin da ke mai da hasken rana lantarki, watau sola, ya ɗauke wannan wahala. A Amurka aka fara ƙera irinsa mai amfani a 1954, a ɗakin binciken kamfanin Bell, a 1958 kuma aka ɗora shi a kan tauraron ɗan'adam mai suna Vanguard 1.

Amma fa sai da lissafi. Faranti mai wat 100 yakan ba da kamar amfiya 5 in rana ta take. In ya sami awa 5 na irin wannan rana, ya zuba wajen 25 ke nan a batir. Fitila mai cin amfiya 1 in ta kwana awa 10 a kunne, ta kwashe 10 daga ciki. Bugu da ƙari, batir mai dalma ba a so a sha fiye da rabinsa. Wanda cinsa ya fi samunsa, ko ba daɗe ko ba jima zai kwana cikin duhu.

Babban abokin gāban faranti shi ne inuwa. Ƙwayoyinsa a jere suke kamar sarƙa, saboda haka inuwar sanda ko ta igiya in ta rufe ƙwaya ɗaya, wutar jerin duka sai ta faɗi. Shi ya sa matuƙa suka fi kafa shi can bayan jirgi. Gishirin teku, da kashin tsuntsaye, da ƙurar hunturu, su ma sukan dushe gilashinsa, sai a riƙa wanke shi da ruwan daɗi.

Kada kuma a haɗa babban faranti da batir kai tsaye. Ƙarfinsa yakan kai bolt 18, zai ƙone ruwan batir. Akwai 'yar na'urar daidaita caji da ake sa wa tsakaninsu, ita ke rage wuta in batir ya cika, ta kuma hana ta komowa baya da dare.

Abin lura na ƙarshe shi ne damina. A watannin Yuni da Yuli gajimare kan rufe Ikko, samun faranti ya ragu, a daidai lokacin da famfo ya fi aiki. Don haka mai hankali da ranar hadari yake auna girman farantinsa. Wannan doka ita ce dai ke kan mai shago a Agege ko Sabon Ibadan da ya ɗora sola a rufinsa.