Ko Kun Sani? Tantanin da Ke Tace Ruwa Ba Tare da Tafasawa Ba

Ko kun san cewa masana'antun ruwan leda da dama, irin wanda ake sha a Madachi, Rano da Kibiya, da wani siririn tantanin roba suke tace ruwansu? Aikinsa kamar na rariya ne, sai dai ƙofofinsa sun yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsu. Inji ne yake tura ruwa da ƙarfi, ruwan ya ratsa, gishiri da ƙwayoyin cuta su tsaya a baya.

Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka ƙera tantanin farko mai amfani a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wajen 1960. A 1965 garin Coalinga na Amurka ya fara shan ruwan da aka tace da shi.

Masana suna ɗaukar wannan hanya cikin kimiyyar sinadarai mai kare muhalli, wadda Paul Anastas da John Warner suka tsara mata ƙa'idoji 12 a 1998. Dalili kuwa shi ne ba ta buƙatar tafasa ruwa, don haka makamashin da take ci bai kai na hanyar tafasawa ba.

Da irin wannan dabara ake wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana kuma iya cire sinadarin kuromiyam daga ruwan dattin majemun fata da ita. Lokaci ya yi da jami'o'inmu za su duƙufa kan bincike a wannan fanni.