Tsutsar Sharon da Hanyoyin Rage Feshi a Gonakin Tumatir

A shekarar 2016 wata ƙaramar tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, masana'antar Dangote da ke Kadawa kuma ta dakatar da aiki saboda rashin tumatirin da za ta sarrafa. Manoma suna kiranta Sharon, masana kuwa Tuta absoluta, kuma asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifaniya a 2006 kafin ta tsallako Afirka.

Abin da manomin rani ya saba yi idan ya ga ƙwari shi ne ya ƙara feshi, sai dai wannan tsutsa ba a saman ganye take zama ba. Uwarta wata 'yar faɗa-wuta ce mai yawon dare, wadda kan saka ƙwai sama da 200, kuma da zarar tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta cinye cikin, ta bar wani farin tabo mai shara-shara da baƙin kashinta a gefe. Maganin da ya sauka a waje da wuya ya same ta, alhali yana kashe ƙwarin da ke cin ƙwanta. Tun da a wata guda take cika rayuwarta ta sake haihuwa, 'yan kaɗan da suka tsira kan gadar wa zuriyarsu juriya, har maganin bara ya zama tamkar ruwa bana.

Dabarun da suka fi dacewa suna tare ta ne kafin ta shiga ganye. Akwai tarkon da ake sa wa sinadari mai ƙamshin macen, a ɗora shi a kan tasar ruwan sabulu, mazan su taru su nutse, yawan abin da aka kama kuma ya nuna wa manomi ko feshi ya zama dole ko a'a. Akwai kuma ruwan 'ya'yan darbejiya, waɗanda ake dakawa a jiƙa su kwana a tace, domin suna ɗauke da azadiraktin, sinadarin da ke hana tsutsa cin abinci da girma. Da yamma ake fesa shi, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ba ya kayar da ƙwaro nan take, abin da kan sa mai gaggawa ya raina shi. Rufe wurin renon iri da raga yana hana a dasa tumatir da ƙwai a jikinsa.

Mafi wuya shi ne tsaftar fadama, wato ƙone ragowar shuka bayan girbi da guje wa maimaita tumatir ko yalo ko dankalin Turawa a fili ɗaya, domin duk tana rayuwa a kansu. A wuri irin Kadawa, inda kunya kawai ta raba gona da gona, wanda ya share tasa alhali maƙwabcinsa ya bar tsohon tumatir a tsaye zai ga faɗa-wutar ta dawo masa, shi ya sa aikin ke bukatar ƙungiyar manoma ta tsayar da lokacin dashe da na share gonaki tare.