Ɗaukar hoton taurari daga Abuja: abin da ya kamata mai sha'awa ya sani kafin ya kashe kuɗinsa

A shekarar 1883 wani Bature mai suna Andrew Common, wanda sana'arsa ta shafi harkar magudanan ruwa, ya kafa na'urar hangen nesa a bayan gidansa da ke unguwar Ealing a birnin Landan, ya ɗauki hoton gajimaren iskar gas da ƙura da ke cikin rukunin taurarin Orion. Hoton ya fito da taurarin da ido ba ya iya gani ko da ta cikin na'urar ce. Tun daga lokacin aka gane cewa kamara tana da abin da ido ba shi da shi, wato haƙurin tara haske na tsawon lokaci.

A yau kayan da suka fi na Common inganci suna shiga jakar baya, kuma ma'aikacin da ke zaune a Kubwa ko Lugbe yana iya yin odarsu ta intanet. Sai dai da dala ake sayensu, ga kuɗin jigila da na kwastan, ga kuma wahalar mayar da kaya idan ba su dace ba. Kuskure ɗaya wajen zaɓi yana iya cinye albashin watanni, kayan kuma su ƙare a saman kwaba suna shan ƙura. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba kuɗi a kan babbar na'urar hangen nesa, a bar mazaunin da za ta hau a matsayin cikon ƙarshe.

Mazauni kafin komai

Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, shi ya sa taurari suke tafiya daga gabas zuwa yamma duk dare. Ido ba ya damuwa da wannan tafiya, amma kamarar da aka buɗe idonta na minti ɗaya ko biyu za ta mayar da kowane tauraro zane maimakon ɗigo. Masu wannan fanni suna da wani lissafi na kusa-kusa: a raba 500 da nisan tattara hasken gilashi a ma'aunin milimita, abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin da za a iya buɗe kamara kafin zanen ya bayyana. Gilashin milimita 50 yana ba da daƙiƙa 10. Na'urar milimita 500 kuwa daƙiƙa ɗaya kacal take bayarwa, wadda ba ta isa a tara hasken komai ba in ban da wata da duniyoyi masu haske.

Maganin wannan shi ne mazauni mai inji wanda yake juya kamara daidai da saurin juyawar sama. Iri biyu ne. Akwai wanda yake motsi sama da ƙasa, hagu da dama. Yana da sauƙin kafawa, yana bin tauraro, amma hoton yakan riƙa karkacewa a hankali idan an daɗe. Akwai kuma wanda ake jingina sandar juyawarsa ta yi daidai da sandar juyawar duniya, wanda motsi guda yake yi ya soke tafiyar sama gaba ɗaya. Wannan na biyu shi ne ginshiƙin ɗaukar hoto mai tsawon lokaci.

Kowane mazauni yana da nauyin da kamfani ya rubuta cewa zai iya ɗauka. Gogaggu sukan tsaya a rabi ko kashi biyu cikin uku na wannan adadi, domin abin da ya isa kallo da ido bai isa ɗaukar hoto ba: ɗan girgiza kaɗan ya ɓata aikin minti uku. Saboda haka ƙaramar na'ura a kan ƙaƙƙarfan mazauni ta fi babbar na'ura a kan mai rauni.

Matsalar digiri tara

A nan ne wurin zama yake shigowa cikin lissafi. Mafi yawan littattafai da bidiyoyin koyarwa an yi su ne a Turai da Amurka, inda tauraron arewa, wato Polaris, yake can sama. Da shi ake saita sandar mazauni, domin tazararsa da ainihin tsakiyar juyawar sama ba ta kai digiri ɗaya ba. Tsayin wannan tauraro daga doron ƙasa daidai yake da nisan gari daga layin Ikwaita. A Landan ya haura digiri 51. A Sakkwato kusan 13 ne, a Kano 12, a Abuja kimanin 9, a Legas kuma bai kai 7 ba.

Digiri tara ba ya wuce faɗin dunƙulallen hannu idan an miƙa shi gaba. Katanga, bishiyar mangwaro, tankin ruwa, ko duwatsun da suka kewaye birnin sun isa su ɓoye tauraron, idan kuma hazo ya sauka to ko fili ne ba za a gan shi ba. Abu na biyu, wasu mazaunai an ƙera su ne yadda sandarsu ba ta sauka ƙasa da digiri 10 ko 15, wasu kuma idan an kwantar da su haka ƙarfen daidaita nauyinsu yakan bugi ƙafar da ke riƙe da su. Wanda ya yi oda bai duba wannan layi a takardar bayanin kaya ba, cinikin biri a sama ya yi.

Akwai mafita. Ana ƙara wani guntun ginshiƙi tsakanin ƙafafu da kan mazauni domin ƙarfen ya sami wurin wucewa, ko a juya ƙafafun yadda zai faɗa tsakanin biyu daga cikinsu. Wajen saiti kuma, manhajar N.I.N.A., wadda kyauta ce, tana iya ɗaukar hoton sama a wurare uku ta lissafa yawan karkatar sandar ba tare da an ga tauraron arewa ba. Tsohuwar hanya ita ma tana nan: a sa ido kan tauraro ɗaya, a ga inda yake zamewa, a gyara, a sake dubawa.

Wannan digiri tara yana da nasa alherin. Daga Abuja ana iya ganin kusan dukkan sama ta arewa da ta kudu a cikin shekara. Gajimaren Orion yana hawa har kusan digiri 76. Taurarin Kuros na Kudu, da dunƙulen taurari na Omega Centauri, da gajimaren Carina, duk suna fitowa a kudu, alhali mazaunin Landan ba zai taɓa ganinsu daga gidansa ba.

Gilashi ko madubi

Na'urorin hangen nesa gida biyu ne. Masu gilashi a baki, irin wadda Galileo ya duba sama da ita a 1609, da masu madubi a ciki, irin wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Mai madubi ta fi araha idan ana son faɗin baki, amma tana buƙatar a riƙa saita madubanta, kuma bakinta a buɗe yake, abin da ba ƙaramar matsala ba ce a lokacin hunturu. Nau'inta da ake kira Dobsonian yana da daɗin kallo da ido ƙwarai, sai dai da hannu ake tura shi, bai dace da hoto mai tsawon lokaci ba.

Ga mai farawa, ƙaramar mai gilashi da faɗin bakinta yake tsakanin milimita 60 zuwa 80 ta fi sauƙin sarrafawa. Mutane da yawa suna zaton abubuwan sama ƙanana ne, alhali rashin haske ne matsalarsu. Dandazon taurarin Andromeda, wanda haskensa yake tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso, faɗinsa a sama ya kai ninki shida na cikakken wata. Taurarin da Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta su ma ba sa shiga hoton na'ura mai dogon zango. Lambar da ya kamata a duba ita ce wadda ake rubutawa f/5 ko f/10: ta biyun tana buƙatar ninki huɗu na lokacin ta farkon kafin ta tara haske iri ɗaya. Dogon zango na masu neman hoton ramukan wata ne, da Jupita, da zoben duniyar Zuhal.

Wanda yake da kamarar hoto mai canjin gilashi ba ya buƙatar sayen wata tun farko. Ƙaramin mazauni mai bin taurari, kamar Star Adventurer na kamfanin Sky-Watcher, ya isa ya ɗauke ta. Akwai kuma sababbin na'urori masu haɗe da komai, kamar Seestar S50 da kamfanin ZWO ya fitar a 2023, mai faɗin baki milimita 50, wadda ake sarrafawa da waya. Tana nemo abin da ake so da kanta, ta yi ta ɗaukar gajerun hotuna tana haɗawa. Ta kauce wa matsalar tauraron arewa, amma ba a canja mata gilashi ko kamara idan sha'awa ta girma.

Yanayi, wuta da haƙuri

Kalandar sama da ta damina ba sa jituwa a tsakiyar Najeriya. Ɓangaren da ya fi haske na dandazon taurarin da duniyarmu take ciki yana hawa sama da dare ne daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da hadari ya rufe Abuja. Orion yana fitowa da yamma a Disamba da Janairu, lokacin da hazo yake dusashe komai. Mafi kyawun dama takan zo ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya wanke iska, kafin ƙura ta iso, musamman a dararen da babu farin wata.

Hasken gari ma abokin gaba ne. John Bortle ya fitar da wani ma'auni a 2001 mai hawa tara, daga ɗaya, wato sama mai duhu sosai, zuwa tara, wato tsakiyar birni. Fita bayan gari yana taimakawa, amma kada a je ni kaɗai, kuma a sanar da masu unguwa da 'yan sintiri, domin mutum da bututu a kan ƙafafu uku da tsakar dare abin tambaya ne. Mafi yawan mazaunai da wutar bolt 12 suke aiki, don haka batiri ya fi dogaro da wutar gida, wadda ɗaukewarta sau ɗaya ke rushe saitin dare. Raɓa takan kwanta a gilashi da asuba. Ƙura kuwa hura ta ake yi da robar iska, ba a goge ta da gefen riga.

Hoton da ake gani a mujallu ba ɗauka ɗaya ba ce. Gomman hotuna ne ko ɗaruruwa ake haɗawa da manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda duk kyauta ne. Tsabtar hoto tana ninkuwa biyu ne idan an ninka yawan hotunan sau huɗu, shi ya sa abu ɗaya yake iya cin dare uku. Manhajar Stellarium tana nuna abin da zai fito a saman kowane gari a kowace sa'a, kuma ya kamata mai sha'awa ya yi wata guda yana amfani da ita kafin ya sayi ko da sukurori ne.

Gargaɗi ɗaya ba shi da sassauci: ba a nuna na'urar hangen nesa ga rana sai da matatar haske ta musamman da aka rufe bakinta da ita, domin makanta tana zuwa nan take. Wannan ya shafi masu neman jinjirin wata dab da faɗuwar rana, ya kuma shafi masu shirin husufin rana cikakke na 20 ga Maris, 2034, wanda zai ratsa kudancin Najeriya. Wanda ya fara da ƙaramin mazauni da kamarar da ke hannunsa a bana yana da isassun shekarun koyo kafin wannan rana.